Ruwan inabin Bordo da dawar Zagga: wa ke cin ribar sunan ƙasa?

A duk watan Afrilu, sa'ad da sanyin Turai ya ja da baya, dillalai da masu sharhi daga ƙasashe daban-daban kan yi tururuwa zuwa yankin Bordo da ke kudu maso yammacin Faransa. Abin da ke kai su shi ne ɗanɗana giyar inabin da aka matse a kakar da ta wuce, tun tana cikin gangunan katako. Bayan 'yan makonni kowace babbar gona ta yanka farashinta, masu saye su biya, kayan kuwa ba za su iso hannunsu ba sai bayan kusan shekara biyu. A can, da kuma kwarin Napa na Amurka, gonaki na gina ɗakunan ɗanɗano a bakin shuka, inda baƙo ke biyan kuɗin shiga, ya sayi kwalba kai tsaye daga hannun mai gona.

Duk wannan ciniki a kan suna ya dogara. Tun 1935 Faransa ta kafa tsarin da ke ɗaure sunan kaya da ƙasar da ta haife shi, ta yadda ba mai ikon rubuta Bordo ko Shamfen a kwalba sai wanda ya noma inabin a wurin, bisa ƙa'idar wurin.

Mutumin Zagga, a ƙaramar hukumar Bagudo, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Giya haramun ce a addininsa, kuma tun ƙarshen 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero, Jihar Kebbi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Sai dai dawa, wadda ita da gero da shinkafa ke cika rumbunan wannan yanki, ta daɗe da shiga kasuwar abin sha ta ƙofofi biyu, ko manomi ya so ko bai so ba.

Ƙofa ta farko tana yamma. Wanda ya bi hanyar Tsamiya ya tsallaka iyaka zai faɗa ƙasar Segbana, a lardin Alibori na Jamhuriyar Benin. A arewacin Benin mata na jiƙa dawa ta tsira, su niƙa, su dafa, su bar ta ta yi tsami. Abin da Bahaushe ke kira burkutu, su kuma suna ce masa cukutu, ana sayar da shi a ƙorai a rumfunan ranar kasuwa. Dangi ɗaya ne ke zaune a gefe biyu na wannan iyaka, amma doka biyu ke mulkinsu.

Ƙofa ta biyu ta fi girma, kuma gwamnati ce ta buɗe ta. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, abin da ya tilasta wa kamfanonin giya komawa ga dawa da masara. An sassauta haramcin daga baya, amma dawa ba ta fita daga tukunyar ba. Har yau ana sayen dawar Arewa domin giyar kwalba, da kuma lemon malt marar sa maye, irin wanda ake rabawa a walimar biki. Da zarar dillali ya zuba buhun wannan gari a kan na wancan, ba mai iya nuna na Zagga a cikin tirela.

A nan ne muhawarar harajin kayan masarufi, wato VAT, ke yin tuntuɓe. Tun 2021, lokacin da wata Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta goyi bayan Jihar Ribas ƙarƙashin Nyesom Wike kan karɓar harajin da kanta, ake ta maimaita zargi ɗaya: jihohin da ke fasa kwalaben giya suna karɓar kaso daga harajinta. Zargin yana da tushe, domin kuɗin a asusu ɗaya ake tara su kafin rabo. Abin da masu yinsa ba sa faɗa shi ne, ɗanyen hatsi ba ya ɗauke da wannan haraji na kashi 7.5 cikin 100, kuma hakan daidai ne, don kada abinci ya ƙara tsada. Harajin yana bayyana ne bayan an sarrafa, an ɗura a kwalba. Sabbin dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun ɗaga kason jihohi daga kashi 50 zuwa 55, sun kuma ware kashi 30 na rabon jihohin bisa inda aka yi amfani da kaya. Inda aka noma ba ya cikin lissafin. 'Yan siyasar Arewa sun yi ta kai ruwa rana kan yadda za a raba kuɗin, amma da ƙyar aka ji wanda ya tambayi dalilin da ya sa dawa ke barin gida ba a sarrafa ta ba.

Kare suna kuwa bai taƙaita ga giya ba, kuma maƙwabta sun riga sun gane. Benin ta yi wa abarbar Allada rajista a ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, kuma har yanzu ba ta da dokar da ta keɓe domin kare sunan kaya da wurinsa. Buhun dawa, ko na shinkafa, ko na albasa da ya bar kasuwannin Bagudo, alamar da ke jikinsa ita ce wadda dillali ya zana da tawada don kada kayansa su cakuɗe da na wani a cikin mota.