Ko Ka Sani? Ƙwaron Darɓa Yana Haihuwa Ba Tare da Namiji Ba

Furen wardi baƙo ne a ƙasar Arewa, amma kwarin Dallol Mawri, wanda ya ratsa gundumomin Dogondutsi da Tibiri a jihar Doso ta Nijar, ruwansa ba ya da nisa, shi ya sa lambunan rani suka kafu a cikinsa, kuma mai sha'awa yana iya jera wardi a gefen fangalinsa matuƙar ban ruwa bai gundure shi ba. Wardi iri-iri ne: akwai na Dimashƙa mai ƙamshi da ake tatsar turare daga jikinsa, akwai mai yaɗo da ke hawan danga, akwai kuma masu manyan furanni da aka samu ta hanyar aure tsakanin iri da iri, waɗanda ake fara lissafinsu daga irin da ake kira La France na shekarar 1867. Dukkansu abokin gabarsu ɗaya ne, wato ɗan ƙwaron da manoman dawa suka daɗe da sanin aikinsa da sunan darɓa.

Yawanci ƙwaron bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, jikinsa taushi ne da shi, kuma bakinsa siririn tsinke ne da yake sokawa cikin jijiyar da ke ɗaukar abincin shuka daga ganye zuwa toho. Ruwan wannan jijiya sukari ya yi masa yawa, sinadarin gina jiki kuwa kaɗan ne, don haka dole ƙwaron ya sha fiye da kima kafin ya sami abin da yake bukata, sannan ya fitar da ragowar sukarin ta bayansa. Wannan ragowa ita ce danƙon da ke sa ganye ya yi ƙyalli yana manne wa yatsa, daga baya baƙin funfuna ya rufe shi. Tururuwa tana shafar bayan ƙwaron da gashin kanta har ya saki ɗigon zaƙin, ita kuma ta kore masa maƙiya, tamkar makiyayi da shanunsa. Saboda haka jerin tururuwa a karan wardi alama ce da ya kamata mai lambu ya juya ganye ya duba.

Abin al'ajabin yana wajen haihuwa. Macen ba ta jiran namiji, ba ta kuma saka ƙwai, 'ya'ya take haifa da ransu, dukkansu mata, kowacce kwafin uwarta. Tun 'yar tana cikin ciki, nata 'ya'yan sun riga sun fara samuwa a cikinta, ta yadda uwa ɗaya tana ɗauke da 'ya da jika a lokaci guda. Cikin kimanin mako guda jaririyar ta balaga ta soma nata zubin. Charles Bonnet, masanin halittu na birnin Janiba, shi ne ya tabbatar da wannan a 1740, lokacin da ya keɓe ƙwaro guda tun daga haihuwarsa, ya ga ya hayayyafa shi kaɗai. A ƙasashen sanyi maza sukan bayyana da kaka a yi barbara a saka ƙwan da zai jure hunturu, amma a ƙasashen zafi irin Nijar yawancinsu ba sa bukatar hakan. Idan wuri ya yi musu cunkoso, sai a haifi masu fukafukai, iska ta kwashe su zuwa wata gona.

Ta wannan tafiya ce suke yaɗa cuta. Baƙin irin da ke kama wake da gyaɗa shi ne ya baza cutar da ke tsugunar da gyaɗa ta dunƙule, wadda a 1975 ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya.

Mai wardi kuwa sau da yawa da hannunsa yake gayyato su, domin sabon toho mai laushi da sassabe da takin zamani mai yawa suke fitarwa shi ne abincin da suka fi so, musamman a sanyin rani kafin zafin bazara ya rage su. Feshin guba ba ya raba gardama yadda ake zato, saboda yana kashe har da ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗige-ɗige baƙi wanda shi da tsutsarsa suke cin darɓa, alhali darɓar ta fi shi saurin farfaɗowa. Watsa ruwa da ƙarfi a ƙarƙashin ganye, ko ruwan sabulu, ko jiƙon dakakkun 'ya'yan dogon yaro, ya fi dacewa da 'yan gindi goma na bakin fangali.

Kariya, wadda Turawa ke kira wardin hamada duk da ba danginsa ba ce, ita ma ba ta tsira ba. Wani iri ruwan ɗorawa mai baƙaƙen ƙafafu yana taruwa a tohonta da na tumfafiya, yana shan ruwansu mai dafi, ya adana dafin a jikinsa, har yawancin maƙiyansa su ƙyale shi.