Dafin Da Ke Cikin Gyauron Dawa Da Rogo

Jama'a, kowa ya san zaƙami da tinya suna da dafi, shi ya sa ba mai barin yaro ya yi wasa da su. Amma akwai wani dafi wanda ya fi shammatar manomi, domin kuwa yana cikin abin da ya shuka da hannunsa, watau dawa da rogo. Dafin nan iri ɗaya ne a cikinsu duka biyu, masana suna kiransa sayanaid.

Mu fara da dawa. Ƙwayar hatsin ba ta da laifi, cikin ganyen ƙaramar shuka dafin yake. Ya fi ƙarfi cikin gyauron da ya tofo bayan girbi, da kuma shukar da fari ya tsumburar, sa'an nan ruwa ya sauko mata. In saniya ko tunkiya ko akuya ta ci, sai dafin ya fita cikin tumbinta ya shiga jini, ya hana jiki amfani da iskar da ake shaƙa. Za ka ga dabba tana haki, tana dalala, tana rawar jiki, tana tangaɗi. Sau da yawa kafin awa guda ta faɗi. In an yanka, sai a ga jinin ja wur.

Saboda haka kada a saki dabbobi cikin dawar da ba ta kai ƙafa 2 ba, watau ba ta wuce gwiwar mutum ba, tun ba in sun kwana da yunwa ba. Karan da ya bushe sarai dafinsa ya ragu ƙwarai. In dabba ta kamu, a kore sauran daga gonar, a nemo likitan dabbobi maza, gama akwai allurarsa, amma ba ta amfani in an makara.

To, sai rogo. Akwai mai zaƙi, akwai mai ɗaci. Mai ɗaci shi ya fi dafi, kuma shekarar fari dafinsa ƙaruwa yake yi. Gasawa ko dafawa kaɗai ba su isa su raba shi da shi ba. Sai an fere shi, an jiƙa cikin ruwa kwana 3 zuwa 5 har ya yi laushi, kana a shanya ya bushe ƙayau. Ruwan jiƙon kuwa a zubar inda dabba ba za ta sha ba. Ɓawon ma a shanya shi tukuna kafin a ba awaki.

Yunwa ce takan sa a gajarta aikin nan. A 1981 aka yi fari a arewacin Mozambik, mutane suka ci rogo mai ɗaci ba su gyara shi sosai ba, fiye da mutum 1,000 ƙafafunsu suka shanye, galibi mata da yara. Cutar nan sunanta konzo, wanda ta kama kuwa ba ya komawa daidai.

Ku kuma 'yan kasuwa, lalle ku tambayi yadda aka gyara garin rogo kafin ku saya. Wanda ya ci rogo ya ji jiri da amai da ciwon kai, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.