Bayani A Kan Kama Gidan Haya A Bayan Gari: Mafara, Bakura Da Maradun

Zuwa ga 'yan kasuwa da dillalai masu karanta wagga takarda. A wanga fitowa mun ɗan jingine zancen gero da dawa da shinkafa, za mu yi magana a kan wata haja wadda ba a aunawa da tiya, ba a kuma aza ta bisa mota, amma cinikinta ya kankama ƙwarai a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Hajar nan ita ce ɗakin haya, musamman a sababbin unguwanni na bayan gari, inda babu itace, babu inuwa, sai rana da rairayi. Dillali shi ne tsakanin mai gida da ɗan haya, in rigima ta tashi kuwa shi ake fara nema. Don haka ya kamata ya san abin da shike sayarwa.

Ku sani, a da haya ba al'adar ƙasar nan ba ce. Baƙo a zaure shike sauka, falke kuwa a gidan fatoma, abin da ya bayar na la'ada shi ne kuɗin masaukinsa. Abin ya fara sauyawa lokacin da anka gina madatsar ruwan Bakolori bisa gulbin Sakkwato, daga 1974 zuwa 1978, aikin da kamfanin Impresit na Italiya ya yi. Direbobi da magina da akawuna sunka cika gari, kowa na neman wurin kwana. Ruwan madatsa ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, anka tayar da mutane zuwa sababbin matsugunai, rigimar diyya kuma ta kai ga zubar da jini a 1980. Bayan nan sai kwalejin kimiyya da fasaha ta Mafara, wadda ake kira Abdu Gusau, ta kawo ɗalibai da malamai. A 1996 anka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, ma'aikata sunka ƙaru. A 2018 anka kafa jami'ar jiha a Mafara. Bakura ita ma tana da kwalejin aikin gona.

To amma abin da ya fi matse ɗakuna a shekarun baya-bayan nan shi ne rashin tsaro. Mutanen ƙauyuka da yawa sun baro gidajensu da rumbunansu sun shigo gari. Kowa na tune da watan Satumba na 2021, sa'ad da anka rufe kasuwannin mako-mako, anka yanke layukan waya a jihar. Wanda ya gudo da iyalinsa ba shi da bakin tayawa, abin da anka yanka mashi shi zai karɓa. Muna jan kunnen 'yan'uwa dillalai a nan: mutumin da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya biya shekarar farko, ba shi da abin biyan ta biyu, kai ne kuma za a aika ka fitar da shi. Gara a yanka abin da zai iya, ko a raba mashi biya wata uku-uku. Sa'an nan duk baƙon da ba a sani ba, a kai shi gaban mai unguwa tare da wanda zai tsaya mashi, kafin a miƙa makulli. Wanga ba wulaƙanci ba ne, kariya ce ga kowa har shi kansa.

Garuruwan uku ba farashinsu ɗaya ba. Mafara tana bisa babban titin Gusau zuwa Sakkwato, ga kasuwar Talata, ga makarantu, saboda haka ɗaki ba ya daɗewa a rufe. Bakura da Maradun sai an ratse daga titi, haya a can ta fi tafiya da sanayya, tana kuma bin lokacin noman rani da girbi.

Yanzu ga zancen zafi, wanda shi ne uwar magana. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan wuce 40 da rana. A cikin tsohon gari akwai dogon yaro da tsamiya, gidaje na jingine da juna suna yi wa juna inuwa. A sabuwar unguwa kuwa an sare komai kafin a yanka fuloti, gida na tsaye shi kaɗai rana na dukansa ta ko'ina. Kada ka kai mutum ganin gida da hantsi ko bayan magariba, ka kuma hana a kai ka. Lokacin ganin gida shi ne tsakanin azahar da la'asar. Ka shiga ɗaki, ka rufe ƙofa, ka zamna kamar minti goma. Ka aza tafin hannu bisa bangon yamma. In ka ji shi kamar tandar waina, to haka zai riƙe zafin nan har tsakar dare.

Gini iri-iri ne, kowane da halinsa. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirin ɗaukar zafi, da rana sai ka ji shi kamar randa, amma da dare yakan saki abin da ya sha, shi ya sa mutanen da ke kwana a tsakar gida a bazara. Kuma yana son yaɓe da duban indararo kowace shekara. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba sili, da rana ba ya zaunuwa, sai dai yana saurin hucewa in rana ta faɗi. Wanda ya fi muni shi ne gajeren ɗaki mai taga ɗaya tak, an rufa kwano kusa da kai, ko da an sa sili, domin iska ba ta da hanyar shiga ta fita. Abin nema shi ne rufi mai tsawo, da taga biyu masu kallon juna, in son samu ne kudu da arewa, da baranda ko rumfar zana a gefen yamma. Itace ɗaya a tsakar gida ya fi fenti da tayil daraja, ko da yake masu gida ba su sa shi cikin lissafi.

Wanga ba zancen jin daɗi kaɗai ba ne. Sanƙarau da bazara shike tashi, ya fi kuma kama inda anka cunkushe mutane a ɗakin da ba iska. Annobar 2017 ta yi ɓarna ƙwarai a Zamfara. Mai gidan da ya tara ɗalibai takwas a ɗakin mutum uku don ya ninka kuɗi, ya san abin da shike saye. Ko a Amurka, a birnin Finiks na jihar Arizona da ke cikin hamada, inda a 2023 anka jera kwana 31 zafi na kai wa 43 ko fiye, doka ce ta ɗora wa mai gida samar da abin sanyaya ɗakin haya. Mu nan ba mu kai can ba, taga da inuwa kawai muke roƙo.

Sai ruwa. Kuna iya cewa ƙasar da ke da Bakolori ba ta kukan ruwa, amma ruwan madatsa na gona ne, ba shi ke zuba cikin randar bayan gari ba. Ka tambaya: akwai rijiya a gidan? Tana kai wa watan Mayu ko tana ƙafewa? Burtsatse na kusa, da me ake tayar da shi, da inji ko da sola? Tun da anka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, duk ruwan da inji ke jawowa ya ƙara tsada, 'yan ga-ruwa kuma nisa suke yi wa kuɗi. Mu buga misali, ba farashin kasuwa muke faɗi ba. A ce ɗaki a bayan gari Naira 60,000 ne a shekara, na cikin gari mai rijiya 100,000. A ce iyali na shan jarka huɗu a yini, kowace Naira 50. Naira 200 ke nan kullum, a shekara 73,000. Ka ga ɗakin 60,000 ya koma 133,000, ba a ma sa kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa ba. Mai arahar ya zama mai tsada.

Wuta kuwa, a nemi ganin takardar biyan kuɗin lantarki ta ƙarshe. In tsohon ɗan haya ya bar bashi, ana iya yanke wa wanda anka tarar a ciki waya. In mita ɗaya ce ga ɗakuna da yawa, a daidaita rabon biya tun farko, a san wa ke da firji, wa ke da dutsen guga.

Kada rani ya rufe maka ido ka manta da damina. Wurin da ka gani busasshe ƙayau a Afrilu, wataƙila hanyar ruwa ce a Agusta. Ka dubi gindin bango, ruwa na barin zane inda ya taɓa kwantawa. Ka dubi bangon gabas, don daga can hadari ke tasowa, shi ruwa ke fara ci. Ka tambayi maƙwabta, ba mai gida ba. Ka lura da tazarar masai da rijiya. Gidajen da ke daf da magudanan noman rani suna da sanyi, gaskiya ne, amma akwai sauro rani da damina, yara masu wanka a ciki kuma na ɗaukar tsargiya.

Ga masu kama ɗaki don ajiyar kaya: hatsi na son daɓen siminti busasshe da katako ƙarƙashin buhu, a duba ramin ɓera da hanyar gara. Albasa ita kuwa iska take so. Wanda ya kulle ta a shagon kwano da bazara, ruwa zai kwasa. A kuma faɗa wa mai gida gaskiya in ɗakin na ajiya ne, kada a kama da sunan kwana a cika shi da taki ko jarkokin mai.

Mu zo ga yarjejeniya. Abu na farko, a tabbata wanda ke ba da hayar shi ke da iko. Gidajen gado da ba a raba ba suna da yawa, wani magaji ya karɓi kuɗi, gobe wani ya zo da nasa ɗan haya. Filayen bayan gari kuma mafi yawa gonaki ne anka yayyanka. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasa amana ce a hannun gwamna, saboda haka a nemi ganin takardar fili ko ta ciniki mai sa hannun shaidu, mai unguwa kuma ya san da zancen. Abu na biyu, a rubuta, da boko ko da ajami duk ɗaya ne: sunayen mutum biyun, wane ɗaki, nawa ne, daga wane wata zuwa wane wata, da lissafin watan Musulunci ne ko na Turawa, don tsakaninsu akwai kwana goma sha ɗaya a shekara. Malaman Malikiyya sun sharɗanta a san kuɗi a san wa'adi, sun kuma ce mutuwar ɗan haya ba ta warware haya, amma in gida ya rushe, abin da ya saura na wa'adi ya faɗi. Tun daga shekarar 2000 kotunan shari'a ke aiki a Zamfara, alƙali kuwa takarda da shaidu zai tambaya.

A rubuta wa ke da gyaran rufi da yaɓe da yashe masai. In ɗan haya ne zai sa sili ko ya haƙa rijiya da kuɗinsa, a rubuta cewa za a cire daga haya, in ba haka ba ranar tashi sai faɗa. Batun notis, abin da kotunan Nijeriya sunka saba bi in ba a rubuta wani abu daban ba shi ne wata shida ga mai hayar shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata. Cire ƙofa ko kware kwano don a kori mutum ba hanya ba ce, mai gida na iya komawa shi ne mai laifi.

La'ada kuma a faɗe ta a fili kafin a tafi ganin gida. A manyan birane kashi goma cikin ɗari ake ji, a nan abin daidaitawa ne, amma a san wa zai biya, mai gida ko ɗan haya ko su raba. Kafin alƙalami in an karɓa, a ba da rasit, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ɗaya ya fasa. Dillali ya riƙe kwafi ɗaya a wurinsa, ya kuma ɗauki hoton takardar a waya, don gara da ruwan sama ba su san hatimi ba.