Lissafin da ke Ɓoye Cikin Damben Na'ura

Gabatarwa

Dambe tsohon wasa ne a ƙasar Zamfara, wanda akan yi shi musamman da kaka, bayan an kawar da amfanin gona. Amma a yau wani sabon dambe ya shigo garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum, wanda ba a ɗaure masa hannu, ba a kuma kaɗa masa kalangu, wato damben na'ura da yara da samari ke yi a shagunan gem ko a wayar hannu. Iyaye da malamai da dama suna kallonsa a matsayin ɓarawon lokaci da kuɗin tara, kuma suna da gaskiyarsu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, duk naushin da aka gani a allon nan lissafi ne zalla, irin lissafin da ɗalibai da yawa ke gudu a aji. Wani wasa da aka ƙago a Japan zai isa misali.

Asalin Ultraman

Ranar 17 ga Yuli, 1966, gidan talabijin na TBS da ke Tokyo ya fara nuna wani shiri mai suna Ultraman, wanda kamfanin Eiji Tsuburaya ya shirya cikin kashi 39. Labarin wani ƙaton jarumi ne da ya zo daga sararin samaniya don ya kare mutane daga dodanni. Masu shirin sun ce tsawonsa mita 40 ne, nauyinsa kuwa tan 35,000. Sai dai yana da lago guda: ba ya iya wuce kamar minti uku yana faɗa a doron ƙasa. Akwai wata fitila a ƙirjinsa mai haske shuɗi, wadda kan koma ja ta riƙa ƙyaftawa idan ƙarfinsa ya kusa ƙarewa.

A shekarar 1991 kamfanin Bandai ya mayar da shirin wasan faɗa a na'urar Super Famicom ta kamfanin Nintendo. Mai wasa shi ne Ultraman, na'ura ita ce dodo, an kuma ba shi minti uku ya gama da abokin karonsa. A 1998 kamfanin Banpresto ya fito da Ultraman Fighting Evolution a na'urar PlayStation. Shi ma shirin Power Rangers, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1993, daga wani shirin Japanawa aka samo shi, kuma an yi masa nasa wasan faɗan a 1995.

Motsin da ba motsi ba

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, babu abin da ke motsi a cikin allon. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri, ƙwaƙwalwar mai kallo ta haɗa su ta ga kamar motsi. Talabijin na Japan da Amurka a wancan zamani suna sabunta allo sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, irin waɗanda aka yi amfani da su a Nijeriya kuwa sau 50. Ashe ke nan minti ukun da aka ba Ultraman daƙiƙa 180 ne, idan aka ninka su sau 60 za a sami hoto 10,800. Kafin fitowar kowane hoto, dole na'urar ta duba maɓallin da aka danna, ta lissafa inda kowane ɗan wasa ya koma, ta tantance ko an sami wani, sannan ta zana sabon hoto.

Yadda na'ura ke alƙalanci

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Alƙalin dambe da ido yake aiki: da zarar hannu ko gwiwar ɗan dambe ta taɓa ƙasa, an kashe shi. Ita kuwa na'ura ba ta da ido, mudu kawai gare ta. Allon Super Famicom a kasafce yake zuwa ƙananan ɗigogi, 256 a kwance, 224 a tsaye, kuma kowane ɗigo yana da adireshinsa na lambobi biyu. Wannan ita ce dabarar layin kwance da layin tsaye da ake koyarwa a darasin zanen garaf, wadda ake dangantawa da masanin nan na Faransa, René Descartes, da littafinsa na 1637.

Masu tsara irin waɗannan wasanni sukan kewaye jikin kowane ɗan wasa da wasu akwatuna masu kusurwa huɗu waɗanda mai kallo ba ya gani. Wani akwati yana jikin wanda za a nausa, wani kuma yana bayyana a dunƙulen mai kai naushi na ɗan lokaci kaɗan. Idan akwatunan biyu suka hau kan juna, an samu. Idan ba su hau ba, an kuskure.

Ga misali. A ce akwatin dunƙulen jarumi ya fara daga ɗigo na 100 ya ƙare a na 130 a layin kwance, jikin dodo kuwa ya fara daga na 125 ya ƙare a na 160. Tun da 130 ya fi 125, akwatunan sun shiga juna, sai na'ura ta rage ƙarfin dodo. Da a ce dodon ya ja da baya da ɗigo 6 kacal, da jikinsa ya fara daga 131, da naushin ya sha iska. Haka ake yin gwajin a layin tsaye, shi ya sa wanda ya sunkuya yakan tsira. Kwatanta lambobi sau huɗu, biyu a kwance biyu a tsaye, ya isa a yanke hukunci.

Tsalle ma haka yake. Ana ba ɗan wasa wani saurin tashi sama, sannan a kowane hoto a rage masa wani ƙayyadadden adadi, har saurin ya ƙare ya fara dawowa ƙasa. Hanyar da yake bi lanƙwasa ce irin ta dutsen da aka jefa, wadda ɗaliban fizis ke lissafawa a babin abubuwan da aka harba.

Tsakanin ido da yatsa

Idan mutum ya ga abu, sai saƙo ya tashi daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, ta yanke shawara, sannan ta aika umarni ta jijiyoyi zuwa yatsa. Wannan tafiya kan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa, wato hoto 15. Naushi mai sauri a wasannin faɗa kuwa yakan fita cikin hoto 3 zuwa 5. Don haka duk wanda ya jira sai ya ga naushi kafin ya kare, ya riga ya sha shi. Gwanin wasa hasashe yake yi daga ɗabi'ar abokin karonsa, kamar yadda ƙwararren ɗan dambe ke karantar kafaɗa da ƙafar abokin gwaminsa tun hannu bai taso ba.

Shin ana iya samun ƙato irin Ultraman?

Galileo na ƙasar Italiya ya amsa irin wannan tambaya tun 1638. A ɗauki mutum mai tsawon mita 2 da nauyin kilo 80, a faɗaɗa shi ta kowace fuska sau 20 har ya kai mita 40. Ƙarfin ƙashi ya dogara ne da faɗin bakinsa idan aka yanka shi a gicciye, wanda zai ƙaru sau 20 × 20, wato 400. Nauyi kuwa zai ƙaru sau 20 × 20 × 20, wato 8,000, ya zama tan 640. Ke nan kowane yanki na ƙashinsa zai ɗauki kayan da ya ninka na da sau 20, kuma da wuya ya yi tsalle ɗaya bai kakkarye ba. Wannan ne dalilin da ya sa ƙafafun giwa suke kamar turame, na barewa kuwa sirara. Tan 35,000 da aka ba Ultraman ya ninka tan 640 fiye da sau 50. A allo kaɗai irin wannan jiki zai iya tsayuwa.

Darasi ga malamai da ɗalibai

Malamin lissafi a Gummi ko Bukkuyum ko Anka ba ya buƙatar lantarki kafin ya ci moriyar wannan ilmi. Takardar garaf da kwali biyu sun isa: ɗalibai su yanka akwatuna, su ɗora su a kan takardar, su rubuta lambobin kusurwoyinsu, su faɗi ko an samu ko an kuskure kafin su duba da ido. Malamin kimiyya kuma yana iya auna saurin martani da rula: wani ya sake ta, wani ya cafke. Rular da ta faɗo santimita 20 kafin a kama ta tana nuna kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa.

Kammalawa

Tsoron iyaye ba a banza yake ba, domin a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka, wato idan wasan ya fi ƙarfin mutum har ya danne karatunsa da sauran al'amuransa na tsawon lokaci. Ya kamata a ƙayyade wa yara lokacinsa. Amma ya kamata kuma a sanar da su cewa mutanen da suka tsara waɗannan wasanni da darasin garaf da na kwatanta lambobi suka fara. Ɗalibin da ya riƙe lissafinsa da kyau, wata rana yana iya zama wanda zai sa damben ƙasar Zamfara a cikin na'ura, da turminsa da kirarinsa, yaran Tokyo su riƙa biyan kuɗi suna bugawa.