Koyon Addu'a: Abin da Luther Ya Faɗa wa Wanzaminsa

Akwai maganar da ta yi yawa a bakin wasu masu bi, wai addu'a ba a koyonta, daga zuci take ɓulɓulowa, kuma wanda ya haddace wata addu'a ya toshe wa Ruhu hanya. Wannan magana ba ta da tushe balle makama. Almajiran Yesu Yahudawa ne da suka tashi da Zabura a bakinsu, amma a sura ta 11 ta Bisharar Luka, da Ubangiji ya idar da addu'a a wani wuri, ɗayansu ya roƙe shi ya koya musu, kamar yadda Yahaya Mai Baftisma ya koya wa nasa almajiran. Yesu bai tsawata masa ba. Kalmomi ya ba su, gajeru, waɗanda muke kira Addu'ar Ubangiji. Cikakkiyarta tana sura ta 6 ta Matiyu, kuma ana dab da ita Yesu ya yi gargaɗi a kan yawan surutu da addu'ar a-gan-ni a bakin hanya. Wani tsohon littafin koyarwa na ikilisiyar farko, Didake, ya umarci masu bi su riƙa yin ta sau uku a rana. To ina laifin hadda?

Batun durƙuso ko tsayuwa ko ɗaga hannu ba zai tsayar da mu ba, duk suna cikin Littafi Mai Tsarki. Rufe ido kuwa al'ada ce mai kyau, amma babu ayar da ta wajabta shi.

Darasin da na fi so a wannan fage ya fito ne daga wurin aski. A shekarar 1535, a garin Witanbag na ƙasar Jamus, Martin Luther ya rubuta ɗan littafi domin wanzaminsa kuma tsohon abokinsa, Peter Beskendorf, wanda ya nemi sanin yadda ake addu'a. Babban malamin tauhidi, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Jamusanci, ya zauna ya amsa wa mai aski a rubuce! Bai ɓoye masa ba cewa shi ma zuciyarsa takan yi sanyi, hidimomi su ɗauke masa hankali. Idan haka ta faru, sai ya ɗauki Zaburarsa ya shige ɗaki, ya fara da Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya, yana maimaitawa yadda yara suke yi, har zuciya ta ɗumama.

Sannan ya kawo masa misali daga sana'arsa. Gwanin wanzami hankalinsa da idonsa suna kan aska da gashi, bai manta inda ya tsaya ba. In ya biye wa hira yana waige-waige, sai ya yanke leɓen mutum ko hancinsa, ko ma maƙogwaro. In aski yana bukatar natsuwa haka, ina ga magana da Allah? Nan ne gaskiyar take. Ciwon addu'armu ba ƙarancin kalmomi ba ne, baki ne ke tafiya hankali yana kasuwa. Shi ya sa Luther ya koka da yadda ake rattaba Addu'ar Ubangiji ba a tunanin ko kalma ɗaya. Shi yakan ɗauki roƙo guda, a ce na abincin yini, ya shimfiɗa shi: gona, gida, mata da 'ya'ya, masu mulki, zaman lafiya. Wani lokaci roƙo ɗaya kan cika masa zuciya har ya bar sauran roƙe-roƙe shida na addu'ar, kuma ya ce in hakan ta faru a yi shiru a saurara, don Ruhu Mai Tsarki ne ke wa'azi.

 

Ga Dokoki Goma kuwa Luther ya ba Peter hanya mai igiya huɗu. Ka ɗauki doka ɗaya ka tambayi abin da take koya maka, ka gode a kansa, ka furta inda ka kasa, sannan ka roƙi taimako. Da wannan kaɗai mai bi zai yi shekaru bai rasa abin faɗa ba.

Saura tambaya mai nauyi, ta roƙon da ba a amsa ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ce ya ishe shi. Malamai sun cika littattafai a kan wannan, ba a nan za mu warware shi ba. Abin da Luther ya fi jaddada wa mai koyo shi ne lokaci: addu'a ta zama aikin farko da safe, na ƙarshe da dare, kuma a yi hattara da tunanin nan na bari in gama wannan tukuna, don a bayansa wani aikin ne zai taso har rana ta faɗi.