Maganin Ciwon Daji da Ake Haɗawa da Ƙarfen Filatinum

Idan likita ya rubuta wa wani naku cisplatin, ko carboplatin, ko oxaliplatin, to ku sani dukansu uku 'yan gida ɗaya ne. A tsakiyar kowannensu akwai ƙwayar wani ƙarfe mai tsada da ake kira filatinum. A asibitocin Nijar da Kamaru da Chadi za ku ga an ƙara harafin e a ƙarshen sunan, kamar cisplatine. Magani ɗaya ne, rubutun Faransanci ne kawai ya bambanta.

Masu sayar da kayan mota sun san wannan ƙarfe, domin akwai shi a cikin tukunyar da ke jikin salansa. Aikinsa a can irin na dillali ne: yana haɗa hayaƙi mai guba da iska, su zama hayaƙi mai sauƙin illa, shi kuwa ya fita yadda ya shiga, ya jira ciniki na gaba. Wannan ya sa wasu ke zaton haka yake yi a jikin mutum. A maganin da ake ɗaura wa marasa lafiya yau, ba haka abin yake ba.

Ba neman maganin daji ake yi ba aka gano shi. A 1965, wani masani mai suna Barnett Rosenberg, a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, yana gwada yadda lantarki ke shafar ƙwayoyin bakteriya, da sandunan filatinum a cikin ruwan. Sai ƙwayoyin suka daina rabuwa biyu, suka yi ta tsawo kamar zare. Da aka bi diddigi, aka tarar ba lantarkin ba ne, wani sinadari ne da ya narke daga sandunan. Tun da ciwon daji ba komai ba ne illa ƙwayoyin jiki masu rabuwa ba ƙaƙƙautawa, aka gwada shi a kan ɓeraye, ya yi aiki. A 1978 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da cisplatin.

Ga yadda yake aiki. Filatinum ɗin yana riƙe da ƙwayoyi biyu na kulorayid, wato ɗaya daga cikin sinadarai biyu da suka haɗu suka yi gishirin miya. Jini yana da kulorayid mai yawa, saboda haka maganin yana tafiya a cikinsa a rufe, kamar wuƙa cikin kube. Da ya shiga cikin ƙwayar halitta, inda kulorayid ya yi ƙaranci, sai ya saki nasa, ya kama DNA, zaren da ke ɗauke da umarnin rabuwar ƙwayar. Yana kama shi a wuri biyu, ya lanƙwasa shi. Ƙwayar da ta kasa gyara ɓarnar sai ta mutu. Wanda ya kama ya kama ke nan, ba ya sakewa ya tafi wani aikin. Masana na gwada wata dabara a ɗakunan bincike, inda filatinum zai koma dillalinsa, ya riƙa buɗe wani maganin da aka kulle a daidai wurin ƙarin, amma wannan bai iso gadon asibiti ba tukuna.

Abin da ya fi shafar ku shi ne wannan: zagaye ɗaya ba ya gamawa da ciwon. Yawanci ana ba da maganin ta hanyar ƙarin ruwa duk bayan mako uku, don jiki ya farfaɗo a tsakani. A ciwon dajin bakin mahaifa, wanda ke cin matanmu da yawa, akan ba da cisplatin sau ɗaya a mako tare da gashi, na tsawon mako biyar zuwa shida, domin yana ƙara wa gashin ƙarfi. A ganina babbar asara ita ce a yi zagaye biyu, a ga ƙarin ya ragu, a koma kasuwa. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, kuma idan ciwon ya dawo, maganin ba lalle ya ci su kamar da ba. Kafin a fara, ku tambayi likita zagaye nawa ne da kuɗin kowanne, iyali su yi shiri tun daga farko.

Maganin yana da nauyi. Cisplatin yana sa amai mai tsanani, amma akwai maganin da ake bayarwa kafinsa, ku nema. Ta ƙoda yake fita, kuma yana iya lahanta ta, shi ya sa ake ɗaura ledojin ruwan gishiri kafinsa da bayansa. Kada ku matsa wa ma'aikata su rage su don kuna sauri ku kama mota. A gida mara lafiya ya yawaita shan ruwa gwargwadon yadda likita ya ce, musamman a bazara. Ku nisantar da shi daga diclofenac da ibuprofen da allurar gentamicin, da duk wani jiƙo da ba a san abin da ke cikinsa ba, domin za su ƙara wa ƙodar kaya. Mai shan oxaliplatin kuwa ya guji ruwan sanyi da ƙanƙara na 'yan kwanaki bayan kowane zagaye, saboda sanyi na tayar masa da zugi a yatsu da maƙogwaro.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38, raguwar fitsari, ƙara a kunne ko raguwar ji, zubar jini, ko aman da ya hana ruwa zama a ciki, duk na komawa asibiti ne a ranar. Kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a tsaya a kantin magani, domin a wannan lokaci garkuwar jiki ta yi ƙasa.

Wanda ke ƙetare iyaka don jinya, ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Illela zuwa Ƙonni, ya riƙe takarda mai sunan maganin, da yawan abin da aka ba shi, da ranar zagayen ƙarshe, da sakamakon gwajin jini da na ƙoda. Ku ɗauki hotonta a waya, ku tura wa wanda zai raka shi.