"Ein Volk, ein Reich, ein Führer": taken 'yan Nazi da fassara ke rage wa dafi

Wannan take ya cika bangon birane a Jamus da Ostiriya a shekarar 1938, lokacin da Adolf Hitler ya haɗe Ostiriya da ƙasarsa, aka kuma ci gaba da amfani da shi har cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Faransanci ana fassara shi "Un peuple, un empire, un chef". Da Hausa kuwa sai a ce "Al'umma ɗaya, daula ɗaya, jagora ɗaya". Mai karanta wannan fassara zai ɗauka kiran haɗin kai ne kawai, irin wanda kowace ƙasa ke yi.

Matsalar tana cikin kalmar "Volk". A bakin 'yan Nazi ba ta nufin duk mazauna ƙasa. Tana nufin mutanen da suke ganin jininsu ɗaya ne, ko a wace ƙasa suke zaune. Da wannan ma'ana aka fitar da Yahudawan Jamus daga cikin al'umma, inda dokokin Nuremberg na 1935 suka ƙwace musu haƙƙin zama cikakkun 'yan ƙasa. Da ita kuma aka ce duk inda masu magana da Jamusanci suke, yankin na Jamus ne. A ƙuri'ar raba gardama ta 10 ga Afrilun 1938 hukuma ta ce sama da kashi 99 cikin 100 sun amince da haɗewar, amma an hana Yahudawa jefa ƙuri'a. Watanni shida bayan haka Jamus ta karɓe yankin Sudeten na Cekoslobakiya da hujja irin wannan. Shi ya sa "al'umma" ta yi wa kalmar laushi. "Jinsi" ko "tsatso" sun fi kusa da nufinsu.

"Reich" tsohuwar kalma ce ta daula ko masarauta, tana ma cikin sunan da Jamusawa ke kiran Faransa da shi, wato Frankreich. "Führer" asali jagora ce, kuma har yau tana cikin "Führerschein", lasisin tuƙi. Amma tun da Hitler ya mayar da ita laƙabinsa na mulki a 1934, babu ɗan siyasar Jamus da zai so a kira shi da ita.

A Jamus ta yau, sashe na 86a na dokar hukunta laifuka ya haramta furta wannan take a bainar jama'a, sai dai don koyarwa, bincike ko bayar da tarihi.